Bangon da Zahur Ya Shafe

Duk wanda ya zauna a Karachi a shekarun da ake rufe kasuwa sau uku a mako ya karanta rubutun Zahur, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Mai rubutun bango ne. Shekara talatin yana yawo da bokitin fenti a bayan keke, siriri, baƙi, farcensa kullum da kala uku. Ba shi da jam'iyya, ba shi da ra'ayi. Wanda ya kira shi da kuɗi ya rubuta masa, wanda ya kira shi da bindiga ma ya rubuta masa, har na mai bindigar ya fi kyau. Abu ɗaya ne ya kasa bari: duk harafin ƙarshe sai ya ja masa doguwar jela mai lanƙwasa, da ita ake gane hannunsa tun daga nesa.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Farzana. Da ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a jami'a, Zahur ya raba alewa har gidan maƙiyansa. Sai dai daga unguwarsu Orangi zuwa jami'a mota biyu ce, kuma hanyar ta ratsa unguwannin da kowacce ke da mai ita. Ranar wata Talata da azahar wasu samari suka tare bas ɗin da Farzana ke ciki, suka sauke maza suna tambayar kowa yarensa. Kwandastan ya tsaya gardama, suka harbe shi a bakin ƙofa, taku ɗaya daga inda take zaune, sannan suka cinna wa motar wuta. Ta iso gida da takalmi ƙafa ɗaya, jinin mutumin ya bushe a mayafinta. Zahur bai yi kuka ba.

Washegari ya shiga neman haya kusa da jami'a. Dillalai kuwa halinsu ɗaya, kowa ya rantse maka unguwarsa ko kaza ba a yankawa. Zahur ba ya sauraronsu, bango yake kallo.

"Baba, mutumin yana magana, kai kana kallon katanga," in ji Farzana.

"Shi ƙarya zai yi mini, katanga ba ta yi. Kin ga nan? Ja ne daga farko har ƙarshe. Unguwar 'yan jar tuta ce, a kwana lafiya, amma ranar da suka ce a fito zanga-zanga har ke za ki fito. Waccan ta jiya, ja a kan baƙi, baƙi a kan ja, ko kyauta aka ba ni ba na so. Gawa ake tsinta a wurin."

"To wacce muke nema?"

"Wadda ba wanda ke so."

Sai da ya yi kwana goma sha ɗaya yana taka keke kafin ya same ta. Layin Darbejiya, wani lungu a bayan tankin ruwa, tafiyar minti goma zuwa ƙofar jami'a. Bangon da ke fuskantar titi ya yi kaca-kaca da tallan masu maganin gargajiya, da na masu duba, da na koyar da lissafi, wani a kan wani. Ba tuta, ba taken kowa. Zahur ya ji sanyi har cikin ransa.

Mai gidan wata gwauruwa ce, Nasima Begum, mai kaifin harshe da tsinin ido. Ta ƙare masa kallo daga hula har silifa.

"Ba na ba gwauro haya."

"Yaya, ba ni kaɗai ba ne, ga 'yata."

Ta juya ga Farzana. "Kin iya tuya gurasar roti, ko littafi kawai kika sani?"

"Na iya, Inna."

"Za mu gani. Ɗakunan sama biyu ne. Ruwa da asuba yake zuwa, wanda ya makara ya yi taimama."

Wata guda suka yi cikin kwanciyar hankalin da suka manta akwai irinsa. Farzana ta fita da ƙafa ta dawo da ƙafa, har ta fara ƙiba.

Abin da ya hana Zahur sakat shi ne tallan da ke daidai ƙarƙashin tagarta. Na wani mai maganin ƙarfin maza ne, da manyan haruffa, ba abin da ya bari bai faɗa ba, ga kuma mummunan rubutu. Kullum 'yan makaranta masu jiran bas sai sun karanta shi da ƙarfi su sheƙe da dariya, wani ya ɗaga kai ya dubi tagar. Kunya ta ci shi a matsayin uba, takaici ya ci shi a matsayin mai sana'a. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya kwaɓa farar ƙasa ya shafe bangon tas, har shafi biyu.

Abin haushin, a duk faɗin Karachi ba wanda ya fi shi sanin abin da farin bango ke jawowa. Amma garin neman gira aka rasa ido. Nasima Begum ta leƙo ta gani, ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Wa ya aike ka? Shekara ashirin wannan ƙazantar ke tsaron mu!"

Da hantsin Asabar 'yan jar tuta suka iso a kan babura uku. Babbansu, wani mai tabo a leɓe, ya shafa bangon yana murmushi.

"Kawu Zahur, ashe mu ka yi wa shimfiɗa? Ga fenti. Rubuta."

"Ɗana, gidan mutane ne, haya nake."

Saurayin ya ɗaga rigarsa kaɗan, ƙotar bindiga ta bayyana, ya kuma ɗaga kai ya dubi tagar sama. Zahur ya karɓi buroshi. Da ya zo harafin ƙarshe, jelar nan ta fito da kanta.

Ranar Litinin 'yan baƙar tuta suka zo. Ba su tambayi kowa wanda ya yi rubutun ba. A shagon mai shayi suka samu Zahur, suka jawo shi tsakiyar layi da rana tsaka, mata na leƙe ta bayan labule. Suka rufe shi da sandunan wasan hoki har ya daina kare kansa. Ɗaya ya take masa wuya, ɗaya ya shimfiɗa hannun damansa a kan dakalin kwata.

"Da wannan ka rubuta ko, tsoho?"

Da bulo suka daddatse yatsun, ɗaya bayan ɗaya. Farzana na dawowa daga darasi ta ji ihun tun daga bakin tanki, ta gane muryar. Ta jefar da littattafai ta ruga, Nasima Begum ta cafke ta a ƙofa ta toshe mata baki, tana ja tana cewa, "In suka san 'yarsa ce ke, kin gama karatu."

Kwana uku ana harbe-harbe a kan bangon. Ja ya hau baƙi, baƙi ya hau ja. A rana ta uku harsashi ya samu Idris mai madara a wuya yana tura kekensa, madarar ta kwarara cikin kwata tare da jininsa. Mutumin da bai iya karanta ko harafi ɗaya na abin da aka kashe shi a kansa ba.

Bayan jana'iza dattawan layi suka je suka roƙi ɓangarorin biyu. Aka yarda a malale bangon da kwalta, kowa ya haƙura. Amma 'yan baƙar tuta suka ce muddin mai fentin jajaye yana kwana a layin, layin na jajaye ne. Dattawan suka hau sama suka same shi kwance, hannun a naɗe, suka kasa haɗa ido da shi. Nasima Begum ce ta faɗa.

"Yarinyar ta zauna. Ta sauko ɗakina, duk wanda ya tambaya 'yar ƙanwata ce. Kai kuwa, Zahur, ko a bakin layi kada a sake ganin ka."

"Ba zan zauna ba," in ji Farzana. "Wa zai ba shi abinci a baki? Wa zai ɓalle masa maɓalli? Baba, mu koma Orangi tare."

Zahur ya dube ta. Ya san in ta bi shi, ba za ta sake shiga bas ɗin nan ba, shi ma ba zai bar ta ba.

"Yaya, na gode," ya ce da Nasima Begum.

Da la'asar ya ɗaure tabarmarsa a bayan keke. Ba ya iya hawa da hannu ɗaya, sai turawa. Farzana ta biyo shi har ƙofa tana kuka, ta kama sirdin keken ta riƙe gam. Mutanen layi na tsaye suna kallo. Ya ɓamɓare yatsunta da hannun hagu, a hankali, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yarinya, koma wurin innarki. Ni ban san ki ba."