Shekarar da Ban Shuka Masara Ba

Shekara ashirin da wani abu na yi ina duba nama a kwatar Kontagora kafin in yi ritaya. Aikina shi ne in tsaya da safe, a yanka, a feɗe, a kawo mini kayan ciki in duba kafin nama ya shiga kasuwa. Hanta nake fara ɗauka. In juya ta, in matsa da yatsa, in tsaga da wuƙa. Wani tabon tsohon sawun tsutsa ne, sai a yanke wurin a sayar da sauran. Wani kuwa shaida ce cewa dabbar ta lalace tun daga ciki. Idan na kasa gane wanne ne, ba na ɓata lokaci, cewa nake a zuba kananzir a binne. Mahauta sun zage ni a bayan ido har sun gaji. Ban taɓa jin na zalunce su ba, ai haka aka koya mana: naman da ka yi shakka a kansa, ka ɗauke shi ruɓaɓɓe.

Bayan na bar aiki da shekara biyu aka gano ciwon daji a hanjina. Aka yi mini aiki, na sha allurai wata shida, suka mayar da ni kamar tsumma. Allah ya tashe ni. Tun daga nan nake zuwa babban asibiti a wani gari lokaci-lokaci, tafiya ce ta kusan yini, a ɗibi jini, a ɗauki hoton ciki, a sallame ni. Sau uku ana cewa lafiya lau. Har na koma gonar da na gada wajen Beri, ina noman masara, ina cika baki wai na fi samari ƙarfi.

Zuwa na huɗu ya faɗo daidai da ruwan farko. Likitar da ke duba ni sa'ar babbar 'yata ce. Ranar ta daɗe tana kallon kwamfuta, har na tsargu.

"Baba, akwai ɗan tabo a hantarka," in ji ta. "Ƙarami ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba."

"Ciwon ne ya dawo?"

"Ban sani ba. Yana iya zama shi, yana iya zama tsohon abu ne da hotunan baya ba su kama ba. Ya yi ƙanƙanta, kuma inda yake da wuyar kai allura a ɗebo. Ka dawo bayan wata uku mu sake hoto, mu ga ko ya girma."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sha hanya, na sha yunwa saboda hoton nan, sannan a ce mini ba a sani ba. Na gaya mata cewa na riƙe hanta a hannuna fiye da yadda za ta taɓa gani a rayuwarta, kuma mu idan ba mu gane tabo ba, binnewa muke yi. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ji haushi ba.

"Baba, kai bayan an yanka kake dubawa," ta ce. "Ni ba zan iya tsaga taka in leƙa ba. Sai mun jira."

Da na dawo gida na fito tsakar gida da hoton, na ɗaga shi sama yadda rana za ta ratsa. Ban iya karanta irin wannan hoto ba, kuma har yau ban tabbata ɗigon da na tsura wa ido shi ne wanda take nufi ba. Amma na gan shi, na kuma tuna an taɓa gaya mini cewa ciwon hanji in zai dawo, sau da yawa hanta yake fara nema. A tsaye a wurin na yanke wa kaina hukuncin da na saba yanke wa shanun mutane.

Matata tana bakin madafa. Irin masarar da muka zaɓa bara yana rataye saman murhu, hayaƙi ya yi masa baƙi. Ta ce ƙasa ta jiƙu, maƙwabta sun fara shuka, yaushe za ta sauke irin? Na ce ta bar shi, bana ba noma.

"Malam, likitar cewa ta yi mutuwa za ka yi?"

"Cewa ta yi ba ta sani ba."

"To, kai ka sani?"

Na daka mata tsawa, abin da na daɗe ban yi ba. Na ce ba zan shuka abin da ba zan girba ba, in bar ta da wahala. Wannan hujjar baki ce kawai. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji in sa rai. Na riga na sa rai sau uku, ban ga zan iya jure a fizge na huɗu ba.

Wata ukun nan ba na fatan maƙiyina ya yi irinsu. Ba ni kwance, ba ni tsaye. Da safe in zauna a ƙofar gida, manoma su wuce a kan babur da fartanyu, su ce ya jiki, in ce da sauƙi. Me zan ce? Babu gaisuwar da aka tanada wa wanda ba a san ko yana ciwo ba. Duk wani ɗan suka a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama sai in ce shi ke nan. Kullum sai na ja fatar idona a gaban madubi ina neman rawaya. Na daina bi ta gaban masu tsire. Na je jana'izar wani maƙwabci, ana zuba ƙasa, ni kuwa ina leƙen inda sahun kaburbura ya tsaya. Na ji kunyar kaina, amma ban daina kallo ba. A cikin gida kuwa, magana tsakanina da matata ta koma "ga abinci" da "na ƙoshi".

Cikin tsakiyar damina na koma asibiti. Na shirya wa mummunan labari, a ɓoye kuma na ɗan shirya wa mai daɗi. Likitar ta auna, ta sake aunawa, ta ce tabon bai ƙaru ba, bai ragu ba.

"Ke nan ba shi ba ne?"

"Alama ce mai kyau, Baba, amma ba zan rantse maka ba. Ka dawo bayan wata uku."

Ban ko iya yin faɗa ba. Na naɗe takarduna na fito.

Washegarin dawowata na hau babur zuwa gonar, karo na farko tun ruwan farko. Dama da hagu masarar mutane ta yi goyo. Tawa a tsakiya ciyawa ce har ƙirji. Mai gonar gabas ya fito ya ba ni hannu, ya ce sun ɗauka jikin ne ya tashi. Na ce a'a. Ya dubi gonar, ya dube ni a tsaye da ƙafafuna, bai ƙara tambaya ba. Babu ciwon da ya taɓa gonar nan, ni na binne ta da bakina.

A gida na tarar matata ta sauke irin masarar. Ƙwari sun cinye fiye da rabi, tana tsince na kaji. Kusa da ita akwai ƙwarya cike da wake, ban san lokacin da ta samo shi ba.

"Masara ta wuce," ta ce, "amma wake bai wuce ba tukuna, in za a share gonar cikin makon nan."

Na lissafa a zuci. Roronsa zai zo daidai da ranar komawata asibiti.

"In kuma ban kai roron ba fa?"

Ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da tsince ƙwarin.

"Sai in rora ni kaɗai, Malam. Wata ukun nan ma ai ni kaɗai nake cikin gidan nan."

Na shiga ɗaki na jawo fartanyata daga bayan ƙofa. Bakinta ya yi tsatsa, ƙotar ta saki, sai da na jiƙa ta a ruwa kafin ta kama.