Cikin da Muka Yi wa Guɗa

Ko da tsufa zai kwashe min komai a kai, ba na jin zai iya ɗauke shekarar da muka yi wa cikin Adda guɗa. Adda ita ce babbar yayata, haka muke kiranta tun muna yara. Tana aure a Taura, ni kuma ina Limawa cikin Dutse, ina koyarwa a firamare. Ta haura shekara ashirin a ɗakin miji, ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ga shekaru sun tasam ma hamsin. Kowa ya haƙura, har an daina yi mata addu'ar haihuwa a gabanta don kada a fama mata ciwo.

Wata Asabar da hantsi ina wanki sai ga kiranta. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ke, akwai wani kusa da ke?" Na ce babu. Ta ce, "Al'adata ta ɗauke tun kafin azumi, kuma zane ya fara yi min kaɗan. Loma biyu in na yi, sai in ji na cika fam." Ban bari ta ƙarasa ba. Na yi cilli da sabulu na rangaɗa guɗa, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ko ɗankwali babu. Kafin la'asar ina Taura.

Kai, ranar na ga murna! Na durƙusa na kara kunne a cikinta, na rantse na ji motsi. Yau in na tuna sai in yi dariya, don abin da rai ke so shi kunne ke ji. Mijinta, mutumin da magana ke yi wa wuya, sai washe baki yake, ya shiga ɗaki ya fito ba tare da ya ɗauki komai ba. Ni da Adda kuwa har mun fara gardamar suna.

Da yake mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, Adda ta ce a kira Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu da ke Ringim. Washegari ta iso da ƙwaryar nono da man shanu. Ta daɗe tana kallon cikin, ta shafa, ta danna gefe, sai na ga fara'arta ta ragu.

Na ce, "Gwaggo, ba za ki taya mu murna ba?"

Ta ce, "'Yar nan, a fara kai ta asibiti tukuna. Gobe-goben nan."

Muka ɗunguma zuwa Dutse, ni ina ta zuba a mota kamar kanya. Da aka kwantar da Adda za a yi mata hoton ciki, na matsa kusa da likitar, wata mace mai sanyin murya, na ce, "Likita, ɗaya ne ko tagwaye?" Ba ta amsa ba sai da muka koma ofishinta muka zauna. Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba juna biyu ba ne. Ƙari ne babba ya fito a jikin ƙwan haihuwarki na dama, kuma ina tsoron kada ya zama ciwon daji."

Adda ta ɗora hannu a cikinta, sannan ta janye shi a hankali.

Likitar ta shiga tambayoyi: shekarunta, ko ta taɓa haihuwa, tun yaushe ta fara al'ada. Sai ta ce, "A danginku akwai wadda ta taɓa irin wannan ciwo, ko dajin nono?" Ni da Adda muka haɗa baki muka ce babu. Daga bayanmu Gwaggo ta ce, "Akwai. Innarmu da ta haife mu, haka cikinta ya yi ta kumbura a ruga, aka ce jifa ne, aka yi ta turare har ta cika. Ƙanwarta kuma nono ne ya yi ajalinta." Muka juya muna kallonta baki buɗe. Mun san sunan kakarmu, mun san har shanun da ta bari, amma ba mu taɓa tambayar abin da ya kashe ta ba.

Na ce, "Amma likita, ai dangin uba ne, kuma ciwon na mata ne."

Ta ce, "Ta wajen uba ma yana biyowa. Namiji na iya ɗauke da gadon bai sani ba, ya miƙa wa 'yarsa." Ta ce yawan shekaru na ƙara haɗarin, haka rashin taɓa haihuwa, da ƙiba mai yawa, da fara al'ada da wuri ko daɗewa ba ta ɗauke ba.

Adda ta yi wani murmushi mai ciwo ta ce, "Wato rashin haihuwar ma bai ƙyale ni haka ba?"

Likitar ta kama hannunta. "Ba laifinki ba ne, Hajiya. Akwai masu duk waɗannan da ba sa kamuwa, akwai mai 'ya'ya goma da ke kamuwa. Amfanin sani shi ne a yi sauri." Da aka shigo da mijinta aka ce aikin zai haɗa da cire mahaifa, bai ko yi shawara ba. Ya dubi Adda ya ce, "Ni ke nake so in gani a gidana. A yi."

Aka tura mu babban asibiti a Kano, aka yi mata tiyata. Ta farfaɗo lafiya, amma hankalinmu bai kwanta ba, don an kai abin da aka ciro gwaji. Ranar da muka koma jin sakamako, ko ruwa ban iya sha ba. Likitan da ya yi aikin ya ce, "Daji ne. Amma Allah ya taimake ku, yana nan cikin jakarsa, bai fashe ba, bai yaɗu ko'ina ba. Da kun zauna jiran wata tara, da labarin daban ne."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rungume Adda, na rungume wata nas da ban taɓa gani ba, na fita da gudu takalmi ɗaya a ƙafa don in gaya wa Gwaggo da ke zaune a inuwa. Tana ji ta faɗi ta yi sujada a nan kan siminti. Mijin Adda kuwa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Mutane suka taru suna tambaya ko haihuwa aka yi. Na ce, "Ta fi haihuwa!"

Bayan ta gama alluran da aka rubuta mata ƙarfinta ya dawo, mijinta ya yanka rago a Taura, dangi suka cika gida. Muka zaunar da Gwaggo a tsakiyar tabarma, mata da 'yan mata muka kewaye ta, ta riƙa faɗa mana wace ce ta rasu da me. A yi salati, a yi dariya, a sake tambaya. Daga ranar duk wadda ta ji kumburin ciki da ya ƙi tafiya, ko saurin ƙoshi, ko ciwon mara, ba ta jiran a ce mata je ki. Ni ma ina ganin likita a kai a kai, kuma da na zauna nake fara ba shi labarin kakata.

Adda tana nan garau, tana kiwon tumaki, ga 'yata ta biyu a hannunta tana riƙo, ta shagwaɓa ta har ba ta son zuwa Dutse hutu.

Abin da na koya shi ne, ba gona da shanu kaɗai ake gada ba. Duk mai tsohuwa a gida ta zauna kusa da ita tun tana iya magana, ta tambaye ta abin da ya ɗauke magabata. Mu amsar ta yi shekaru a bakin Gwaggo, ba wanda ya tambaya, kuma saura ƙiris mu biya da ran Adda.