Mafici a Hannuna, Fayil a Kulle

A ƙaramin asibitin da na fara aiki a Birnin Gwari, kwamfuta uku ne ke shiga fayil ɗaya na bayanan marasa lafiya: tawa a ɗakin kati, ta Sista, da ta mai gwajin jini. Fayil ɗin kuwa bai yarda da cunkoso ba. Da mutum biyu sun taɓa bayanin mara lafiya guda, sai ya ƙi na biyun, ya ce wani na ciki. Ranar da aka ɗauke wuta muna ciki mu biyu, aikin safiya duka ya lalace.

Sista ce ta kawo dabara. Ta ɗauko wani mafici mai jan baki ta ce, "Wanda wannan ke hannunsa shi kaɗai zai yi rubutu. Saura ku jira."

Ni kam dabarar ta yi mini daɗi, don mai gwajin jinin nan dogo ne mai sanyin murya, kuma kullum sai ya leƙo ɗakina ya ce, "Malama, a ara mini maficin." Littattafan soyayyar da na cika akwatina da su sun koya mini cewa daga irin wannan ake farawa.

Wata safiya cikin zafin bazara, wani dattijo manomi ya zo daga wani ƙauye, ƙafarsa a kumbure. Sista ta ce sai Kaduna. A lokacin motoci ba sa ratsa dajin sai da rakiya, a tashi tare da safe, wanda ya makara sai wata rana. Takardar tura shi kawai ta rage, da sakamakon jininsa a jikinta.

Mafici na hannuna. Na buɗe bayaninsa, fayil ya ce wani na ciki.

Na rufe na sake buɗewa. Na kashe kwamfutar na kunna. Na cire wayar kwamfutar na hura na mayar, kamar mai tada garwashi. Na leƙa wajen Sista, tata a rufe. Na ruga ɗakin gwaji, ga kwaɗo a ƙofa. Ta taga na hango kwamfutarsa a kunne, bayanin dattijon a buɗe, ya rubuta sakamakon bai adana ba. Na kira wayarsa, sai ga ta tana ƙara a kan tebur.

"A kashe janareta mana, ai zai saki," in ji ni.

"Ki kashe, sakamakon ya tafi, fayil ya sake lalacewa?" Sista ta ce. "Ke za ki ƙara ɗiban jinin Baba?"

Na dawo na tarar da dattijon ya ɗauki maficin yana fifita. "'Yata, motocin fa ba sa jiran kowa."

"Yanzun nan, Baba."

Muna nan muka ji hon ɗin motocin daga bakin hanya, har ya yi nisa.

Can sai ga dogon nan da baƙar leda, yana murmushi. "Malama, na ji kina cewa kina marmarin awara."

Yadda na sha tsara wannan ranar a raina, sunkuyar da kai zan yi, in ja bakin mayafi.

"Awara? Wa ya ba ka mafici da ka shiga?"

"Layi ɗaya ne fa na sa..."

"Layi ɗayan ne ya hana bawan Allah tafiya!"

Ya buɗe ƙofa, ya danna abu ɗaya, fayil ya saki. Takardar ta fito tsaf, a lokacin da babu motar da za ta ɗauke ta.

Dattijon ya ninke ta ya sa a aljihu. "Ba komai, 'yata. Ina da ɗan'uwa a bayan kasuwa, na kwana can."

Na karɓi ledar awarar na miƙa wa dattijon. Ya leƙa ciki ya ce, "Har da yaji?" Ya mayar mini da maficin ya tafi yana jan ƙafar, ni kuma na tsaya a ƙofa da mafici a hannu, na ma kasa fifita.