Jirgin Bappa a Kan Rairayi

Idan ruwan Binuwai ya ja baya da rani, akwai wani fili na rairayi can ƙasa da gadar Jimeta, inda ba mai zuwa sai masu wanki. Nan matattun jirage suke kwance, na katako da na ƙarfe, rabinsu a binne. Ɗaya daga ciki na Bappa ne, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina yarinya.

Shekarar da masu bindiga suka koro mutane daga garuruwansu, Bappa ya bar dakon yashi ya koma ƙetaro da waɗanda suka biyo daji suka ɓullo bakin kogi. Wata safiya hazo ya kwanta a kan ruwa, ko goshin jirginsa ba ya gani. Ya hau kan wani tsohon jirgin ƙarfe da ya daɗe da nutsewa, nasa ya tsage. Masunta sun ceto mutane da dama. Wasu kuwa ba a same su ba.

Ya dawo gida a jiƙe, ya zauna a zaure. Na kai masa kunu, har ya huce bai taɓa ba.

Da rani wani mutum ya yi sallama, ya ce daga sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi yake.

"Kai ne mai jirgin?"

"Ni ne," in ji Bappa.

Mutumin ya matso kusa da shi.

"Matata tana cikinsa ranar, ba a same ta ba. Ni na biyo wata hanya. Ka kai ni in gani."

Muka hau keke napep mu uku, muka je inda jirgin yake kwance. Mutumin ya daɗe yana shafa inda katakon ya tsage, sannan ya tambayi inda ta zauna. Da ya kwatanta zanenta, Bappa ya nuna kusa da inji.

"Ta ce mini, Baba, a hankali, ban taɓa shiga ruwa ba."

"Haka ne," mutumin ya ce. "Mu mutanen dutse ne."

Ya durƙusa ya yi addu'a irin ta Kirista. Bappa ya ɗaga hannuwa a gefensa, hawaye na sauka cikin gemunsa.

Daga baya muka ji ya koma garinsu. Bappa bai sake shiga ruwa ba, rake ya koma sayarwa a Bekaji. A ciwonsa na ƙarshe ya kama hannuna ya ce, "Mutumin nan ya isa gida lafiya?"

Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba.