Sista Ladidi, Wadda Ta Hana a Ɗauki 'Yata Ranar Suna

Ina shanya masara a tsakar gida maigidana ya shigo ya ce Sista Ladidi ta rasu. Na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya ce a tashar Malumfashi ya ji. Na ce to ni ban ji ba tukuna, domin bakin tasha ya sha kashe mutane suna zaune lafiya a gidajensu. Sai da na kira Malam Bitrus, mai gwajin jini a asibitin da take aiki, ya tabbatar mini, sannan na zauna a kan buhu na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin aiki, ba ta sake tashi ba.

Na je zaman makoki, na ji yabo yana fitowa daga bakunan da na san abin da suka faɗa a kanta bara. Ban ce suna ƙarya ba, zuciya Allah ne Ya san ta. Amma yabon da bai faɗi abin da mutum ya yi ba, ban cika yarda da shi ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani da idona.

Da farkon cikin 'yata Safiya na yi ɗan zazzaɓi da ƙananan ƙuraje, suka baje tun kafin in nemi magani. Na manta da su. Da na haihu, yarinyar ta zo ƙarama, da wani fari a ƙwayar idonta. Likitan yara, Dakta Kabiru, ya yi ta tambayata har muka kai ga waɗannan ƙuraje. Ya ce yana zargin wata irin ƙyanda ce mai suna rubela, wadda ba ta ko kwantar da uwa, amma tana shiga wurin ɗan da ke ciki ta taɓa masa ido da kunne, wani lokaci har zuciya. Daga baya gwaji ya tabbatar da maganarsa.

Ban yarda da ma'aikatan asibitin ba, kuma har yau ban ga laifina ba. An ware mu a ɗaki mu kaɗai. Yau a ɗebi jinin jaririya, gobe a sa auduga a maƙogwaronta, jibi a nemi fitsarinta. Na yi sakandare, ina karanta abin da ke jikin kwalba, don haka babu abin da aka ba ta ban tambayi sunansa da dalilinsa ba. Wata rana Dakta Kabiru ya gaji, ya ce, “Malama, ko dai ke za ki karɓi rigar nan?” Sista Ladidi, wadda ita ce babbar nas ta ɗakin jarirai, tana gyara wa Safiya zani, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Ƙyale ta ta tambaya, Dakta. Ba uwar da ke tsare mu da tambaya nake tsoro ba. Wadda ke cewa to ga komai, ita ce in ta fita za ta zarce gidan wanzami.” Tun daga ranar, duk jinin da za a ɗiba sai Malam Bitrus ya zo da kansa ya faɗa mini inda za a kai shi.

Ranar da za a sallame mu, ana gobe suna, Sista ta zaunar da ni. Ta ce ƙwayar cutar za ta daɗe a yawun yarinyar da fitsarinta, wataƙila har ta kusa shekara. Ga yawancin mutane ba komai ba ne. Amma idan mai ƙaramin ciki ta ɗauka, abin da ya sami Safiya yana iya samun nata ɗan. Na ce, “Sista, a garinmu Ƙarfi wace mace ce za ta buɗe baki ta ce tana da ƙaramin ciki? Ko uwarta ce ta tambaya sai ta sunkuyar da kai. Ga shi kuma duk wadda ta zo barka hannu take fara miƙowa.” Ta ce, “To ba za mu tambayi kowa ba. Duk wadda ba ta daina haihuwa ba ta gani da ido kawai. Ke ba za ki iya faɗa ba, gidan mijinki ne. Ni zan zo in faɗa.”

Na ɗauka irin alkawarin ma'aikata ne. Amma da safe sai ga ta cikin atamfa, ta sauka daga Keke Napep, ta ja kujera ta zauna a ƙofar ɗakina da buta da sabulu. Tsofaffi su wanke hannu su ɗauka. Masu ƙuruciya su leƙa su yi addu'a su wuce.

Ana cikin haka Zulai, ƙanwar mijina, ta iso daga Mahuta da jakarta. Amarya ce, bikinta bai daɗe ba, kuma an shirya za ta zauna da ni har arba'in, tana hura mini wutar wanka tana wanke tsummokaran jaririya. Ta shigo da dariya tana cewa, “Anti, ina 'yar tawa mai zuwa da rigima?” Ta miƙa hannu. Sista ta tare ta. Na lura tana kallon yadda Zulai ke kau da kai daga ƙamshin naman ƙauri, tana fita tofar da yawu. Can ta ja ta bayan rumbu. Da suka dawo idon Zulai ya yi ja, Sista kuma ta ce a gaban kowa, “Wannan yau za ta koma gidan mijinta, kuma kada ta shigo gidan nan sai na ce.”

Surukata, Inna, ta miƙe. Ta ce, “Yau kuma asibiti ne zai zaɓa mana wanda zai ɗauki jikata? 'Yar cikina ce kike kora daga gidan ubanta.” Sista ta durƙusa har ƙasa ta ce, “Hajiya, ki yi haƙuri. Mai jego ba ta ce komai ba, ɗanki bai ce komai ba. Ni ce na hana. Duk wanda zai yi fushi ya yi da ni.” Inna ta ce, “Ai da ke za a yi.” Zulai ta ɗauki jakarta, ko sallama ba ta yi mini ba.

Da mata suka ragu na tambaye ta kai tsaye, “Sista, ciki ne da Zulai?” Ta ce, “Abin da ba a gaya mini don ki ji ba, ba za ki ji shi a bakina ba.” Na ji haushinta. Na kuma gane cewa haka za ta riƙe nawa sirrin.

Kafin a gama rabon naman suna magana ta gama gari. Wasu suka ce ƙanjamau ne muke ɓoyewa, har aka daina cin abinci kwano ɗaya da mijina a gona. Wasu suka ce ni na sa Sista ta kori Zulai, wai ina zargin dangin miji da maita. Wasu suka ce asibiti na gwada wani sabon magani a kan yarinyar, shi ya sa ake ta ɗibar jininta. Waɗanda suka faɗi waɗannan sun san kansu. Da na kai wa Sista ƙara, sai ta ce, “Bari su yi. Zagi yana wucewa, kurumta ba ta wucewa.” Kalma ɗaya a kan Zulai za ta wanke ta, ba ta furta ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ita ta matsa wa Dakta Kabiru ya tura mu wurin likitan ido a Zariya tun yarinyar tana ƙarama, aka cire yanar idon. Da Inna ta ce za a ƙwaƙule wa jikarta ido, Sista ce ta zo gida ta zauna da ita har ta amince. Ita ta haɗa mu da mai auna ji, wanda ya ce kunne ɗaya ya tafi, ɗayan yana ɗan ji, ya koya mini in riƙa yi wa Safiya magana ta wannan gefen tana kallon bakina. Sista ba ta taɓa ce mini Safiya za ta warke sarai ba. Da ta faɗa, da na daina zuwa. Ranar da Malam Bitrus ya ce gwaji ya nuna ƙwayar ta bar jikin yarinyar, Sista ta ce, “Yanzu duk mai so ya ɗauka.” Zulai dai ba ta zo ba.

Ita Zulai ta haifi namiji tun kafin wannan ranar. Kowace mace a Ƙarfi ta iya lissafin wata, kuma na tabbata sun lissafa. Amma ban ji wadda ta tako zuwa asibiti ta ce wa Sista, ashe abin da kika gani ke nan.

A wurin makokin ne Zulai ta shigo da goyo. Ta zauna a gefe, ta kwance yaron. Wata ta yar da murfin tukunya a tsakar gida, yaron ya zabura ya juya daidai inda ƙarar ta fito. Ni da na shekara ina tafa hannu a bayan kan 'yata ina jiran ta juyo, na san abin da na gani. Zulai ta rungume shi, ta ce da ƙarfi yadda matan ɗakin za su ji, “Ciki ne da ni ranar sunan. Ko mijina ban gaya wa ba. Sista ta ce in tafi, ba za ta tona ni ba. Na tafi ina zaginta, kuma ban taɓa komawa na gode mata ba.” Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. 

Ba zan ce lallai da Zulai ta zauna yaron zai kamu ba, wannan sanin Allah ne. Na dai san yana gani, yana ji, kuma wata baiwar Allah ta yarda a ɓata sunanta don haka.

Ya Allah Ka jiƙan Ladidi, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta. Yadda ta rufa asirin baiwarKa, Ka rufa nata ranar da asirai za su tonu. Ka ba mijinta da 'ya'yanta haƙuri, Ka raya abin da ta bari. Ka ƙarfafa Dakta Kabiru da Malam Bitrus da sauran abokan aikinta a kan jariran da ke hannunsu. Mu kuma da muka yi magana ko muka yi shiru a inda bai kamata ba, Ka sa ta yafe mana. Amin.