Tarkacen Yaron Nan

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abu guda da ba zai bar raina ba har in koma ga Mahaliccina, ba zan yi dogon tunani ba. Wata Talata ce a shagona na Yelwa, da wani dattijo, da wata tsohuwar laftof baƙa da aka naɗe cikin zanen atamfa. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ɗaga yatsa zan danna maɓalli a kwamfutar wani, sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina da ɗan shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a kan hanyar kasuwa. A lokacin ne kuma cutar Linux ta kama ni, kamu mai tsanani. Ga wanda bai sani ba, kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Wadda aka saba da ita ta kamfani ce, sai da lasisi, mu nan kuwa kwafin bogi muke sakawa, kwana kaɗan ta fara ƙorafi tana tara bairos. Linux kyauta ce, kuma a buɗe take. Kowa na iya ɗauka, ya leƙa yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya ba wani. Wannan magana ta 'yanci ta shige ni ƙwarai. Kullum da safe kafin in karya kumallo sai na karanta labaranta a waya, wane sabon samfuri ya fito, su wa ke muhawara da su wa. Duk wanda ya shigo shagona, ko takarda ɗaya ya zo bugawa, sai ya sha wa'azi. Har matasan layinmu suka laƙaba mini limamin kyauta, ni kuwa don wauta daɗi nake ji.

Babban abokin gardamata shi ne maƙwabcin shagona, mai gyaran waya. Kullum maganarsa ɗaya, in da abin kirki ne da ba a raba shi a banza ba. Na daɗe ina neman ranar da zan rufe masa baki.

Dattijon da ya zo ranar Talatar aminin mahaifina ne, masunci daga wani ƙauye na gaɓar ruwa a ƙasar Ngaski. Baba nake ce masa tun ina yaro. Tare yake da 'yarsa, wadda ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, aka ce sai ta je da kwamfuta. Laftof ɗin ta yayanta ce, ɗan farin Baba, wanda ya rasu shekara biyu kafin nan. Yana dawowa hutu daga jami'a jirginsu ya daki kututture a tsakiyar ruwa ya kife. An tsamo wasu, shi ba a ga gawarsa ba. Na san duk wannan. Ni da mahaifina muka je ta'aziyya, na zauna a kan tabarmarsu na sha ruwansu. Ina faɗin haka ne don kada wani ya nema mini uzuri.

Na kunna ta, ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta farka, tana nishi, saƙonnin lasisi suna ta faɗowa a fuskarta. Raina ya yi fari. Irin wannan tsohuwar ce Linux ke mayarwa yarinya, ga kuma maƙwabcina ya zo ya jingina da ƙofa yana murmushi. Na fara yi wa Baba bayanin 'yanci da buɗaɗɗiyar manhaja, yana gyaɗa kai don kara kawai. Sannan na yi tambayar da kowane mai gyara ke yi.

Na ce, “Baba, akwai wani abu mai muhimmanci a cikinta? Don in na yi aikin nan komai zai tafi.”

Bai dube ni ba. Ya juya fuska wajen titi, ya gyara hularsa, ya ce, “Babu komi. Tarkacen yaron ga na.”

Na ga 'yar ta buɗe baki. Ta dubi mahaifinta, ta sunkuyar da kai. Na gani da idona. Sai Baba ya ce mata ta tashi su shiga kasuwa su sayi bokiti da sauran kayan makaranta kafin in gama, suka fita.

A nan ne laifina yake. Ni haifaffen ƙasar nan ne. Innata har ta tsufa ban taɓa jin ta kira sunan babban yayanmu ba, sai dai ta ce “wancan” ko “mai gidan can”. Ranar da ya yi hatsarin babur, kowa na kuka ita tana tankaɗen gari, sai da ta shiga ɗaki aka ji faɗuwarta. Na san kunyar ɗan fari kamar yadda na san hanyar gidanmu. Na san dattijo irin Baba ba zai taɓa buɗe baki a gaban 'yarsa da ɗan amininsa da wani baƙo ya ce kayan ɗansa na fari suna da daraja a wurinsa ba. Ko zuciyarsa ce a cikin kwamfutar, tarkace zai ce. Amma a ranar ba kunnen ɗan gari na saurare shi da shi ba, kunnen mai neman izini ne. Amsar da nake so ke nan, na samu, na riƙe.

Ƙa'idar aikin kuma na san ta, ni ne ma mai koya wa mutane. Kafin ka taɓa komai, kwafe abin da ke ciki ka ajiye. Ina da ma'ajiyar da zan kwafe a kai, tana cikin durowa. Sai dai da nawar kwamfutar nan aikin zai ci awa biyu ko fiye, ga wuta an kawo ba a san lokacin ɗaukewa ba, ga maƙwabcina yana cewa, “Liman, a tayar da gawar mu gani mana.” Na soka filashin da Linux ke ciki. Manhajar ta tambaye ni, in ajiye ta gefe guda kusa da tsohuwar, ko in share komai. Na zaɓi sharewa, don ina son aiki mai tsabta. Ta sake gargaɗina a rubuce ɓaro-ɓaro, cewa duk fayilolin da ke ciki za su tafi. Ban ko karanta ba, na riga na haddace. Na danna.

Aikin ya yi kyau, ban taɓa yin mai kyansa ba. Laftof ta tashi garau, ko'ina ka taɓa ta buɗe nan take. Maƙwabcina ya taɓa, ya taɓa, ya taɓe baki ya koma shagonsa. Don murna har na cika ta da littattafan aikin jinya da bidiyon darussa da duk wata manhaja da na ga dama, ban san ina ƙara binne abin da na share ba ne. Da suka dawo Baba ya sa mini albarka, suka naɗe ta a zanenta suka tafi neman mota. Na yini ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Ranar Asabar da hantsi sai ga 'yar ita kaɗai, idanunta sun kumbura. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ajiye laftof a kan teburi.

“Yaya, ina ka kai muryoyin? Na duba ko'ina ban gane su ba.”

Na ce, “Waɗanne muryoyi?”

Sai ta zauna ta gaya mini. Ashe duk hutun da marigayin ya zo, yakan zaunar da Baba ya naɗi maganarsa, yana ba shi labarin tsofaffin garuruwansu da ruwa ya cinye lokacin da aka yi dam, da inda kowanne yake kwance a ƙarƙashin tafkin. Ban da wannan akwai hotunansa tun na sakandare, akwai bidiyonsa yana tuƙa kwalekwale, akwai inda yake tsokanar Inna, mahaifiyarsu, tana korarsa da muciya. Wayarsa ta tafi tare da shi cikin ruwa. Ba kabari, ba komai. Abin da ya rage musu na shi duka yana cikin wannan baƙar laftof.

Ta ce, “Duk Jumu'a in maza sun tahi masallaci, Inna takan ɗauko shinkafa ta zamna tsinta, ta ce mini, kunna abin ga naki. Ba ta kallo, ba ta cewa komi. Jiya ta ce in kunna, na rasa abin da zan kunna mata.”

Na ce me ya sa ba ta yi magana ranar Talata ba. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. “Gaban Baba? In ƙaryata shi? Na ɗauka kai ka gane, Yaya. Na ɗauka ajiyewa za ka yi.”

Ban taɓa jin kunya da tsanar kaina irin na wannan lokaci ba. Na rufe shago, na ce ta bar mini ita.

Kwana tara na yi a kanta. A nan dole in faɗi gaskiya, manhajojin tono abin da aka goge da na yi aiki da su duk na kyauta ne, irin waɗanda nake wa'azinsu. Na rubuta matsalata a dandalin intanet na masu amfani da Linux, mutanen da ban sani ba daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suka yi ta koya mini mataki-mataki, ba wanda ya nemi komai. Amma kusan kowannensu da tambaya ɗaya yake farawa, ina kwafin da ka ajiye? Da na gaya musu abubuwan da na loda a kai bayan sharewar, wani ya rubuto mini cewa in rage buri.

Abin da ya fito tarin fayiloli ne marasa suna, yawancinsu matattu. Hotuna sun fito rabi-rabi. Akwai guda da na daɗe ina kallo, ga kwalekwale, ga ƙafafunsa da wandonsa a naɗe, daga ƙugu zuwa sama kuwa toka-toka kawai. Bidiyo ko ɗaya bai buɗe ba. Murya guda ce ta tsira, doguwa, kuma kusan dukkanta Baba ne ke magana.

Ranar kasuwa sai ga Baba shi kaɗai. Ya zauna a benci, muka gaisa, ya tambayi mahaifina, ya yi zancen cikar ruwa da ƙarancin kifi, har na ɗauka ba zai taɓo maganar ba. Can ya dubi titi kamar wancan karon, ya ce, “Yarinyar ga ta ce kana wani aiki.”

Na kunna masa. Muryarsa ta cika shagon, yana lissafa garuruwa, wannan yana gabas da tsibiri, wancan akwai kuka a bakin kasuwarsa. Ya saurara kaɗan, ya ɗaga hannu.

“Wuce. Wanga na san shi. Ba tawa nika biɗa ba.”

Na matsar zuwa wurin da na yi wa alama. Aka ji iska tana kaɗa, sannan muryar saurayi, sarai kamar yana tsaye a bayanmu: “Baba, dakata, sake faɗi, iska ta kwashe.” Sai 'yar dariya. Sai muryar Baba ta ci gaba.

Ya ce in mayar. Na mayar. Ya sake cewa in mayar, har sau huɗu. Fuskarsa kuwa ko motsi.

“Shi ke nan?”

Na ce, “Shi ke nan, Baba.” Na sauko daga kujera na durƙusa, na ce ya yafe mini, laifina ne, na san abin da ya kamata in yi ban yi ba.

Ya ce, “Tashi, ɗana. Ni nic ce maka babu komi. Kai mi kay yi?”

Da ya zage ni ko ya mare ni da na fi samun sauƙi. Ya miƙe, ya naɗe laftof a zanen da hannunsa, ya rungume ta a ƙirji. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba, ya ce, “Jumu'a biyu ke nan uwatai na zama da shinkafa tai ta tsinta. Ba ta tambayi kowa ba.”

Daga baya 'yar ta gaya mini ta saka wa Inna guntun muryar a waya kafin ta tafi makaranta. Ta ce yakan ƙare kafin Inna ta tsince ko tafin hannu guda, sai ta sake dannawa.

Har gobe Linux nake amfani da ita, kuma har gobe ina ganin alherinta. Ba ta cuce ni ba. Ta ba ni zaɓi, ta gargaɗe ni, ta bar ni da hannuna, wannan shi ne 'yancin da nake ta yi wa mutane ihu a kai, ban taɓa tunanin nauyinsa ba sai ranar. Wa'azin dai na daina. Yanzu duk kwamfutar da ta shigo shagona sai na kwafe ta kaf kafin in taɓa, ko mai ita ya rantse ba komai a ciki, ko za a ɗauke wuta sau goma. Abin da na koya shi ne, na'ura abin da ka faɗa take ɗauka, mutanenmu kuwa abin da ya fi musu ciwo shi ne ba sa iya faɗi, kuma aikin mai gyara ne ya ji shi. Baba ya gaya mini komai ranar da ya kau da kai ya ce tarkace ne. Ni ne ban saurara ba.