Ƙafafun Motar da Ba a Saya Ba

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Na Allah a Tasawa, kuma shekara goma sha uku ban nemi kalanda ba don in san Juma'a ta zo. Da hantsi ya ɗaga sai in ji ƙarar guga daga gindin itacen bedi, wato dogon yaro, na ƙofar gidansa. Na Allah ne ya fito da jantunansa.

Janti shi ne ƙarfen tsakiya da ake sa wa taya. Na Allah yana da guda huɗu, na alminiyam, kowane da yatsu biyar. Abin da ba shi da shi kawai ita ce mota.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa kat-kat, motar shiga rairayi, ta wani furoje na haƙar rijiyoyi, daga Mayahi zuwa Attantane, daga can zuwa Urafan, bai taɓa take ko kaza ba. Da furojen ya ƙare aka raba kaya. Darekta ya tafi da motar, mataimakinsa ya ɗauki firji, mai gadi ya samu kujeru. Shi kuwa aka yi masa jawabi mai tsawo, aka tafa, aka miƙa masa jantuna huɗu da suka daɗe a magaza, ɗakin ajiyar kaya. A amalanken jaki ya kawo su gida, yana tafe a baya kamar mai rakiyar amarya.

"Mushe," in ji shi, haka unguwa ke kirana, wato Malam da Faransanci, "mota ta fara isowa. Ga ƙafafu, saura jiki."

Ni tsohon ma'aunin gyaɗa ne, tun zamanin da Tasawa ke cika manyan motocin kamiyo da buhuna, kuma a makarantar mishan an saba mana da auna abu kafin mu yi magana a kansa. Sikelina na nan har yau. A ranar na ɗora jantunan ɗaya bayan ɗaya. Kowane kilo goma sha ɗaya da giram ɗari biyu.

Dole in faɗi gaskiya, Na Allah ya iya aikin. Yakan fara da ruwan sabulu, ya bi lunguna da tsohon buroshin haƙori. Sannan ya jiƙa takardar guga, ya fara da mai kaushi ya gangaro har mai laushi, hannunsa na bin layi ɗaya, ba ya zagaye. Daga ƙarshe ya shafa man ƙyalli, ya goge da ƙyallen tsohuwar shadda. Shekara biyu aka yi haka, sai takardun da ya zo da su daga furoje suka ƙare. Bai damu ba. Ya lura matan gari suna fitar da hasken tukwanensu da rairayi da toka, shi ma ya koma tankaɗe rairayi da rariyar matarsa, ya haɗa da tokar kara da lemun tsami. Jantunan suka ƙara haske. Tsofaffi kan tsaya su gyara rawani a gabansu in za su masallaci.

Da haka ya zama babba a garin. Masu neman kujerar mairi, ta magajin gari, kan aiko da motocinsu kafin taro, injin na tari, hayaƙi na tashi, amma ba a garaji suke tsayawa ba, sai ƙofar Na Allah. Shi kuma ya koyi duban ƙafar mota kafin fuskar mai ita. Mai jantin baƙin ƙarfe, ko alhaji ne, gaisuwarsa gajera ce. Shi kansa da ƙafa yake zuwa ko'ina.

Matarsa Furera, mai tuyar ƙosai, ita ma tana duban jantunan, amma da wani ido daban. A bayan kasuwa akwai masu narka alminiyam su zuba tukwane, ka kai musu tsohon ƙarfe su ba ka tukunya. Duk shekara takan yi tambaya ɗaya.

"Malam, tukunya nawa ke cikin ƙarfen ga?"

"Ke komi tukunya ne wurinki. Ƙafar mota ce."

"To ina motar? Ko tana tafe da ƙafa ita ma?"

Bana aka sa ranar auren ɗiyarsu Samira da Alamin, ɗan garin Hawandawaki mai fataucin wake. Furera ta ce ɗiyarta ba za ta shiga ɗaki da tukwanen aro ba alhali ga alminiyam jingine a zaure yana kallon mutane. Na Allah ya ga abin ya zo wuya. Sai aka yi sa'a, a cewarsa, Alamin ya sayo tsohuwar kat-kat daga Kwatano, ramukan ƙusoshinta daidai da na jantunan. Na Allah da Furera suka yanke magana a gabana: in jantunan sun kai amarya Hawandawaki, sun zama na mota har abada, in sun kasa, na Furera ne.

Kwana biyu kafin biki na taimaka masa ɗaga ɗaya, hannuna ya ji abin da bai yarda da shi ba. Na fito da sikeli. Kilo tara da rabi. Na sake aunawa, na auna sauran ukun, don haka aka koya mana. Yatsun da na sani da kauri sun zama kamar mariƙin ludayi.

"Na Allah," na ce, "kilo ɗaya da giram ɗari bakwai sun tafi daga kowane. Ka goge su sun bi ruwa."

"Dauɗa ce ta fita, Mushe."

"Dauɗar shekara goma sha uku, a ƙarfen da bai taɓa taka ƙasa ba?"

"Sikelinka ya tsufa. Ku mutanen mishan komi sai kun sa mishi lamba."

Alamin, da yake suruki ne, bai iya cewa komi ba sai, "Yadda ka ce, Baba." Aka ɗaura wa motar jantunan, ya dai saka tsofaffin ƙafafunta na baƙin ƙarfe a ɗakin wani abokinsa, ya ƙi sayarwa.

Ranar kai amarya, bayan azahar, motar ta fito. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a titin Tasawa ba, har da motar kwamanda, baturen mulki, da na gani ina yaro. Rana na dukan jantunan, haske na yawo a jikin katangu. Aka ba Na Allah sitiyari. Ya sa tsohuwar hularsa ta furoje, ya tsaya ya gai da kowa, har masu baƙin ƙarfe. A ciki akwai amarya, gwaggonni biyar masu jiki, ni a gefe, a sama kuma gado da katifa da buhunan gero biyu.

Muddin muna kan kwalta lafiya lau. Da muka sauka hanyar rairayi, muka wuce gonaki kamar na awa guda, ƙafar baya ta faɗa wani rami da amalanke suka haƙa da damina. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka ƙoƙo. Motar ta zauna ta gefe ɗaya, a hankali, gwaggonni suka zube kan juna suna salati. Yatsu uku cikin biyar sun karye. Ko a karye suna ƙyalli.

Babu wanda ya ji rauni. Amarya ta shiga Hawandawaki a amalanken shanu, gadonta na bin ta a wani. Na Allah bai bi su ba. Ya zauna a rairayi kusa da ƙafar, yana share mata ƙura da hannun rigarsa.

Furera ba ta yi masa gori ba, abin da ya fi gori zafi. Bayan kwana uku ta sa aka kai jantunan bayan kasuwa. Mai zubin ya ɗaga ɗaya, ya jinjina, ya ce, "Inna, wa ya cinye miki tukunya guda? Irin wannan huɗu, manyan tukwane biyar suke ba ni, waɗannan kuwa huɗu kawai za su yi." Ta juyo ta dube ni, na dubi ƙasa.

Tukwane huɗu suka fito, masu kaushi, toka-toka kamar yadda sabon zubi yake. Uku suka tafi ɗakin Samira, ɗaya ta zauna wurin Furera.

Juma'ar da ta biyo ban ji komi ba, har na yi zaton Alhamis ce. Ta biyun, da hantsi, sai ga ƙarar nan daga gindin bedi. Na leƙa. Na Allah ne zaune, tukunyar tsakanin ƙafafunsa, rairayi da toka a gefe, hannunsa na bin layi ɗaya. Daga cikin gida muryar Furera ta taso.

"Mushe, kana nan? Don Allah kawo sikelin ga ka auna min ita tun da sauran gindi!"

Kilo takwas da giram ɗari uku. Na gaya musu su duka biyun, a gaban juna.